Yadda ake shirya waya da kwamfuta da manhajojin da za su yi maka aiki

Sabuwar waya ko kwamfuta takan zo da manhajoji cike a cikinta tun daga kamfani. Wasu suna da amfani, wasu kuwa cinye wuri da batir kawai suke yi. Daga nan sai mai ita ya shiga ƙara nasa, duk wadda wani ya yaba masa sai ya sauke, kafin wata uku na'urar ta fara jan ƙafa. Manhajojin da mutum yake buƙata da gaske ba su da yawa, kuma mafi yawansu kyauta ne. Abin da ke kawo matsala shi ne inda aka samo su da kuma wadda aka fara sakawa kafin wata. Ga tsarin da nake ganin ya fi dacewa, ga mai wayar Android ko iPhone da kwamfuta mai Windows. Mai Mac ko Linux ma zai iya bin kusan duka, domin yawancin manhajojin da zan ambata suna aiki a kansu.

Mataki na farko: sabunta na'urar, ka rage tarkace

Kafin ka sauke komai, shiga Settings ka nemi sabuntawa. A Windows wurin shi ne Windows Update, a waya kuma System update ko Software update. Ka bar shi ya gama, ko da zai sake kunna kansa sau biyu. Idan kwamfutarka tana kan Windows 10 ne, ka sani cewa Microsoft ta daina ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ka duba ko za ta iya ɗaukar Windows 11.

Bayan haka ka buɗe jerin manhajojin da ke ciki, ka cire wasanni da manhajojin gwaji da ba ka nema ba. A waya, wadda ta ƙi cirewa sau da yawa tana yarda a kashe ta da maɓallin Disable.

Mataki na biyu: san inda za ka riƙa saukewa

A nan ne mafi yawan ɓarna take shigowa, saboda haka zan ɗan daɗe a kai.

A waya maganar gajeriya ce: Play Store ga Android, App Store ga iPhone. Amma ko a cikinsu ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar, domin akwai masu kwaikwayon tambari da suna. VLC ta gaskiya, alal misali, sunan VideoLAN ko Videolabs za ka gani a ƙarƙashinta. Masu son manhajojin da kowa zai iya duba yadda aka rubuta su suna da F-Droid a Android, ma'aji ne da ba ya ɗaukar sai irin waɗannan. Abin da za ka guje wa shi ne fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhajar Android, da wani ya turo maka a zauren hira, musamman waɗanda aka yi wa kwaskwarima irin su GB WhatsApp. Ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba, kuma duk hirarka ta hannunsa za ta bi. Kamfanin WhatsApp da kansa yana gargaɗin cewa zai iya rufe asusun mai amfani da irinsu.

A kwamfuta ne ake buƙatar lura sosai. Idan ka rubuta sunan manhaja a Google, sakamakon farko sau da yawa talla ce da aka biya kuɗi aka ɗora, kuma 'yan damfara sun sha sayen wannan gurbi su kai mutum shafin bogi mai kama da na asali. Ka tsallake duk abin da aka rubuta wa Sponsored, ka karanta adireshin shafin harafi bayan harafi. Na VLC shi ne videolan.org, na LibreOffice libreoffice.org, na 7-Zip kuma 7-zip.org. A shafukan da ke tara manhajoji barkatai, babban koren maɓallin nan mai cewa Download galibi ba shi ne na gaskiya ba.

Akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, ko da yake kallon farko tana ba da tsoro. Windows 11 da Windows 10 na baya-bayan nan suna ɗauke da wani ɗan kayan aiki mai suna winget. Danna maɓallin Start, rubuta Terminal ko PowerShell, ka buɗe, sannan ka rubuta:

winget install VideoLAN.VLC

Ka danna Enter. Shi zai nemo manhajar daga tushenta, ya sauke, ya girka, ba tare da ka shiga wani shafi ba. Haka za ka yi da Mozilla.Firefox da 7zip.7zip da Bitwarden.Bitwarden da TheDocumentFoundation.LibreOffice da LocalSend.LocalSend. Cikin ɗan lokaci ka gama abin da zai ɗauke ka rabin yini kana bin shafuka.

Game da manhajojin kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta, ra'ayina shi ne ka bar su. Kusan ko da yaushe umarnin girka su yana farawa da cewa ka kashe kariyar kwamfutarka, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda aka dosa.

Mataki na uku: burauza

Chrome, Edge, Firefox, Brave, duk suna buɗe shafi lafiya lau. Ni Firefox nake fifitawa saboda dalili guda: tana karɓar cikakken uBlock Origin, wani ƙari da ake ɗora wa burauza da ke toshe tallace-tallace da masu bin sawu, har a wayar Android. Chrome ta sauya dokokinta kan irin wannan ƙari, yanzu sai ƙaramin sigar mai suna uBlock Origin Lite take ɗauka. Toshe talla yana rage cin data, yana sa shafi ya buɗe da sauri, kuma yana ɓatar da yawancin maɓallan bogin da na ambata a sama.

Ka saka burauza iri ɗaya a waya da kwamfuta, ka shiga da asusu ɗaya, domin shafukan da ka adana a can su bayyana a nan.

Mataki na huɗu: ma'ajin kalmomin sirri da tabbatarwa ta biyu

Wannan shi ya kamata ya riga duk wata manhajar da za ta nemi ka buɗe asusu. Mutumin da ke amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina kamar mai mukulli ɗaya ne ga gida da shago da akwati, ranar da ya faɗi hannun wani komai ya tafi. Kuma ba sai an yi maka kutse kai tsaye ba. Wani ƙaramin shafi da ka yi rajista shekarun baya ne za a sace bayanansa, sai a ɗauki imel ɗinka da kalmar a gwada su a Gmail da Facebook.

Maganin shi ne manhajar da ke ƙirƙiro wa kowane asusu kalmarsa daban, ta kuma riƙe maka su. Bitwarden kyauta ce, tana aiki a waya da kwamfuta da cikin burauza. Ga yadda za ka fara.

Ka buɗe asusu, ka zaɓi babbar kalmar sirri guda, wadda ita kaɗai za ka haddace daga yau. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, tsawo ya fi tarin alamomi amfani. Kada sunanka, ranar haihuwarka ko lambar wayarka su shiga ciki. Ka rubuta ta a takarda ka adana a inda kake ajiye muhimman takardunka, domin idan ka manta da ita kamfanin ma ba zai iya buɗe maka ba, ba ya riƙe da ita.

Sai ka girka Bitwarden a waya, ka shiga saitinta ka kunna Autofill don ta riƙa cike maka gurabe da kanta. A kwamfuta ka saka ƙarinta a burauza. Idan da ma Chrome ce ke riƙe da kalmominka, za ka iya fitar da su a matsayin fayil ɗin CSV ka shigo da su Bitwarden a lokaci guda. To amma ka kula: wannan fayil a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta komai. Da zarar ka gama shigarwa ka goge shi, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa.

Ba sai ka sauya kalmomin duka rana ɗaya ba. Fara da imel, domin ta nan ake sake saita kalmar sauran asusun duka. Sai na banki, sai kafafen sada zumunta. Ragowar ka riƙa sauyawa duk lokacin da ka shige su. Wanda ba ya son kalmominsa su zauna a intanet sam, akwai KeePassXC, wadda ke ajiye su cikin fayil guda kulle a kwamfutarsa, sai dai alhakin yin kwafin fayil ɗin yana wuyansa.

Bayan haka sai tabbatarwa ta biyu, wato wata lamba da za a nema bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu. Ka sauke Google Authenticator ko Microsoft Authenticator ko 2FAS, mai Android kuma yana iya ɗaukar Aegis. Ka shiga sashen tsaro na asusunka, ka zaɓi tabbatarwa ta manhaja, shafin zai nuna maka lambar QR, ka ɗauke ta da kyamarar manhajar. Daga nan za ta riƙa fitar da lambobi shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma ba ta buƙatar intanet don yin haka. Wannan ya fi lambar da ake turowa ta saƙon tes aminci, saboda ana iya yaudarar kamfanin layi a ɗauke lambar mutum a mayar kan wani sim.

Abu biyu ne mutane ke mantawa a nan. Na ɗaya, lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda 10, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya. Ka rubuta su a takarda, domin ranar da wayar ta ɓace su ne za su shigar da kai. Na biyu, agogon waya. Lambobin nan da lokaci ake lissafa su, idan agogonka ya yi gaba ko baya za a yi ta ce maka ba daidai ba ne. Ka bar saitin lokaci a kan na atomatik. A WhatsApp ma ka shiga Account ka kunna Two-step verification, ka saka lamba shida da za ka iya tunawa.

Batun manhajar kashe bairos kuwa, Windows tana da Microsoft Defender a cikinta, kuma ta wadatar ga mai bin ƙa'idar mataki na biyu. A Android ka tabbata Play Protect, kariyar da ke cikin Play Store, a kunne take, shi ke nan.

Mataki na biyar: kayan aikin yau da kullum

Don rubutu da lissafi da shirya gabatarwa, LibreOffice tana yin aikin da Word da Excel da PowerPoint suke yi, sunayen nata su ne Writer da Calc da Impress. Gidauniyar The Document Foundation ce ke kula da ita tun 2010, lokacin da ta ɓalle daga OpenOffice. Ba ta buƙatar intanet ko rajista. Akwai gyara ɗaya da ya kamata ka yi tun ranar farko: ita tana adana rubutu ne a tsarin ODT, alhali yawancin waɗanda za ka tura wa aiki DOCX na Word suka sani. Shiga Tools, sai Options, sai Load/Save, sai General, a gurbin Always save as ka zaɓi na Word. Ka sani kuma takarda mai tebura da ado da yawa takan ɗan gurɗe idan ta tashi daga wannan manhaja zuwa waccan. Duk abin da ba gyara za a yi masa ba, takardar neman aiki ce ko rahoto, ka fitar da shi a PDF kafin ka tura. Idan mutane da yawa ne za su yi aiki a kan takarda ɗaya a lokaci guda, Google Docs ta fi dacewa.

Don bidiyo da sauti, VLC. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi da ke Faransa, aka sake ta ga kowa a 2001, kuma da wuya ka samu fayil ɗin da za ta ƙi buɗewa. Ba ta da talla ko ɗaya, a waya ko a kwamfuta. Tana iya rage ko ƙara saurin magana, abin da ke taimakon mai sauraron darasi yana rubutawa.

7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar a 1999, tana buɗe fayilolin ZIP da RAR, tana kuma iya dunƙule folda ta kulle ta da kalmar sirri. PDF kuwa burauzarka ma tana buɗe shi, sai dai in kana karanta manyan littattafai a tsohuwar kwamfuta, SumatraPDF ba ta da nauyi ko kaɗan. Don ɗaukar hoton takarda a mayar da ita PDF ba ka buƙatar sabuwar manhaja: Google Drive tana da wannan a cikinta, a iPhone kuma Notes tana yi. Masu gyaran hoto akwai GIMP, masu sauti Audacity, masu ɗaukar abin da ke kan allo OBS Studio, amma kada ka sauke su sai aikin ya zo.

Mai rubutu da Hausa yana buƙatar haruffa masu ƙugiya. A waya ka shiga saitin Gboard, sashen Languages, ka ƙara Hausa, sai ka danna b ko d ko k ka riƙe, ɓ da ɗ da ƙ za su fito. A Windows ka shiga Settings, sai Time & language, ka ƙara harshen Hausa, sannan ka riƙa sauya kibod da maɓallin Windows haɗe da Space. Riƙe maɓallin Alt na dama tare da harafin yana ba da mai ƙugiyar.

Taswira ma tana da kyau a same ta tun kafin a buƙace ta. Google Maps tana bari ka sauke yanki ka ajiye, Organic Maps kuwa an gina ta ne don aiki ba intanet, da bayanan OpenStreetMap.

Mataki na shida: haɗa wayar da kwamfutar

Mutane da yawa suna tura wa kansu hoto ta WhatsApp don su ɗauko a kwamfuta. Yana yi, amma yana cin data sau biyu, kuma yana matse hoton ya rage masa kyau, sai fa idan ka tura shi a matsayin Document.

LocalSend ta fi. Ka girka ta a na'urorin biyu, ka haɗa su a kan Wi-Fi ɗaya. Karon farko Windows za ta tambaye ka ko ta bar manhajar ta yi magana da sauran na'urori, ka amince, in ba haka ba wayar ba za ta ga kwamfutar ba. Kowace na'ura za ta fito da wani suna na barkwanci da manhajar ta raɗa mata, ka shiga saiti ka sauya zuwa wanda za ka gane. Daga nan ka danna Send, ka zaɓi fayil, ka taɓa sunan ɗaya na'urar, ka amsa a can. Fayil ɗin ba ya fita intanet, tsakaninsu kawai yake wucewa, kuma ba ruwanta da ko Android ce ko iPhone ko Mac.

Idan babu Wi-Fi a wurin, kunna Hotspot na wayar ka haɗa kwamfutar da shi. Turawar kanta ba ta taɓa datarka, amma Windows tana ganin intanet za ta so ta fara sauke sabuntawa. Don haka ka shiga bayanan wannan haɗin ka kunna Metered connection.

Ga manyan fayiloli masu tarin gigabait, kebul har yanzu ya fi sauri. Bayan ka jona, ja sanarwar wayar ƙasa ka zaɓi File transfer. In kwamfutar ba ta ga komai ba, kafin ka zargi wayar gwada wani kebul, domin akwai waɗanda caji kawai suke kaiwa.

Mataki na bakwai: kwafin ajiya

Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba su, kuma kwafin hirar WhatsApp na masu Android ma yanzu a ciki ake lissafa shi. Idan wurin ya cika, imel ma sai ya daina shigowa. OneDrive da iCloud kowanne gigabait 5 yake bayarwa. Saboda haka ka zaɓi abin da zai hau: takardu, lambobin waya, hotunan da ba su da madadi. A saitin kwafin WhatsApp ka cire bidiyo, su ne ke cinye wurin.

Ka fahimci abu ɗaya da kyau: waɗannan manhajoji daidaita na'urori suke yi. Hoton da ka goge daga cikin Google Photos ya tafi daga ko'ina, sai dai yana zama a kwandon shara na wani lokaci, na Drive kuma kwana 30. Wannan ya sa masana ke ba da shawarar kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A aikace, ka samu faifan ajiya na waje, ka kunna File History a Windows ko Time Machine a Mac, ka riƙa jona shi lokaci-lokaci, kana gamawa ka cire. Faifan da ke jone kullum, manhajar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa za ta haɗa da shi. Ka kuma gwada buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikin kwafin don ka tabbata yana aiki.

Tun wayar tana hannunka, ka tabbata Find My na iPhone ko takwaransa na Google, wanda a da ake kira Find My Device yanzu kuma Find Hub, a kunne yake. Da shi za ka ga inda take, ka kulle ta ko ka goge ta daga kwamfuta.

Mataki na takwas: izini da kulawa

Shiga Settings na wayar ka nemi Permission manager. Zai nuna maka wace manhaja ce ke ganin kyamara, makirufo, wurin da kake, saƙonni da lambobin mutanenka. Tocila ba ta da abin yi da lambobin waya, kalkuleta ba ta da abin yi da saƙonninka. Ga masu neman sanin inda kake, zaɓi su gani sai lokacin da kake amfani da su kaɗai. Izinin da ya fi kowanne haɗari a Android shi ne Accessibility, domin mai shi yana iya karanta abin da ke kan allo ya kuma danna maɓalli a madadinka. Ban da manhajojin taimakon masu larurar gani da irin ma'ajin kalmomin sirri da ka yarda da shi, duk wadda ta nemi wannan ka hana ta, ka kuma yi tunanin cire ta.

Manhajojin da ke alƙawarin ƙara wa waya sauri, sanyaya batir ko wanke ƙwaƙwalwa, ka bar su inda ka gan su. Android tana sarrafa ƙwaƙwalwarta da kanta, kuma rufe manhajoji da ƙarfi yana sa su sake tashi su ƙara jan batir. Idan wuri ne ya cika, Files by Google za ta nuna maka manyan fayiloli da waɗanda suka maimaitu, ka goge da hannunka.

A kwamfuta, danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka shiga sashen Startup, ka kashe duk manhajar da ba dole ba ne ta tashi tare da Windows. Wannan kaɗai yakan rage jiran da ake yi bayan kunnawa. Sannan sau ɗaya a wata ka buɗe Terminal ka rubuta winget upgrade --all, zai bi manhajojin da ya gane ya sabunta su a jere. A Play Store kuma ka saita sabuntawa ta riƙa gudana a kan Wi-Fi kawai, ka leƙa sashen Manage apps & device, duk manhajar da ka ga ka yi watanni ba ka buɗe ba ka cire ta.